Balaraben da Goro Ya Tona

Ga shi hakimce a ƙofar babban kantin yadinsa a unguwar Balad ta Jidda, ya ja gutura, mayafin kan Larabawa, ya rufe tsagarsa ta Gobirci. Fason dugaduginsa kaɗai ya isa shaida cewa da ƙafa ya ratso Sudan, amma yau Jidda ta san shi da Shaikh Na'ibi, wai Balarabe tun kaka da kakanni.

Wata tsohuwar alhajiya ta matso. "Ɗana, masaukinmu ya ɓace mini."

"Ma afham, ya hajja. Yalla!" Wai shi fa bai taɓa jin Hausa ba.

Duk da haka ta kwance bakin zane, ta miƙa masa goro. Ya gatsa, ya lumshe ido.

"Kai, Inna! Ɗan Gwanja ne?"