Furar da Ake Sa wa Usmanu a Jaka

Kano zuwa Ƙaraye

Ana kiran assalatu na fito daga gida da kwalin takardu a ka, maigidan yana haska min hanya da tocila yana mita, wai wace irin koyarwa ce wannan a cikin hutu, ga damina. Na ce masa shi dai ya kula min da yara. A tashar Kabuga na tarar da abokin tafiyata Malam Sabi'u, malamin Hausa kamar ni, ya riga ya kama mana gaban bas. Mu biyu muka yi alkawarin koya wa 'yan sakandare rubutun labari a Ƙaraye, sannan a rufe a Rogo ranar kasuwa, inda yaran za su karanta abin da suka rubuta a gaban iyayensu.

Lokacin ana tsakiyar aikin dam ɗin Challawa, manyan motoci sun cinye hanya. Bayan Rimin Gado muka iske shingen 'yan sanda. Ɗaya ya leƙo ya nuna kwalina.

"Wannan fa?"

Kafin in buɗe baki direba ya rigaye ni. "Malaman ƙarya ne, yallaɓai. Yara za su je koya wa shirya labari."

Ɗan sandan ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce mu wuce, Allah Ya shirye mu. Da hantsi muka shiga Ƙaraye.

Ƙaraye

Matar hedimasta ce ta sauke ni, Hajiya Ladi, mace mai hannu a buɗe. Tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa ta tarbe ni da shi, na ci har na ji kunyar kaina.

Yaran sun cika aji, wasu daga ƙauyukan kewaye irin su Yola da Daura a kan kekuna, wasu tun daga ƙasar Rogo. Na ce kowa ya rubuta min labari. Wallahi kusan dukkansu da "A wani gari an yi wani sarki" suka fara. Na ce, "Kai, ku bar sarakunan nan su huta! Kowa ya ɗauki mutum ɗaya a gidansu. Kada ka ce min mutumin kirki ne. Ka nuna min abin da hannunsa yake yi."

To a nan suka ba ni mamaki. Wata yarinya ta rubuto yadda babanta tela yake magana da allurai a bakinsa ba tare da ko ɗaya ta faɗi ba. Wani ya kawo haihuwar saniya cikin ruwan sama, har da tururin da ke tashi daga jikin ɗan maraƙin. Malam Sabi'u ya raɗa min cewa mu ne muka zo ɗaukar darasi.

Yaro ɗaya ne bai rubuta komai ba, wani dogo mai suna Usmanu, ɗan wata ruga kusa da Fulatan, wanda yake zaune wurin kawunsa a Ƙaraye saboda makaranta. Da aka tashi na tsare shi.

"Kai kuma ba kowa a gidanku?"

"Inna nake so in rubuta, Malama. Amma ni ɗan fari ne."

Na gane. Mu ma a birni muna yin kunyar ɗan fari, amma ta Fulani ta fi tamu nisa. Ya ce tun da yake bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. In zai ci abinci, ƙanwarsa take aikowa. In ya gaishe ta, bango take amsa wa.

"Na san al'ada ce," in ji shi. "Amma ban san abin da ke ranta ba."

Sai ya ba ni wani labari. Duk ranar da zai koma makaranta, in ya ɗauki jakarsa da asuba, sai ya ji ta da nauyi: curin fura a ƙunshe, mai citta da yawa yadda yake so, da gorar kindirmo. Bai taɓa ganin mai sakawa ba. Kowa a gida ya ce kakarsa ce, ita kuma tsohuwar sai ta yi dariya kawai. Shi dai yana so ya sani, kuma ba halin ya tambaya.

Na ce, "Ai ka gama labarinka. Rubuta shi haka, har da rashin sanin."

Washegari ya kawo shafi biyu. Na karanta a tsaye, na nemi benci na zauna. Ya ce shi fa ba zai karanta a Rogo ba, don Innarsa tana kawo nono kasuwar. In ta ji ya ambace ta a cikin mutane, zai iya zama ya kunyata ta, ɗan abin da ke tsakaninsu ma ya lalace. Ban matsa masa ba. Na ce sai yadda ya gani.

Rogo

A-kori-kura muka hau mu da yaran, hanya duk taɓo. Sau biyu muna sauka samarin su tura, 'yan matan suna yi musu tsiya. Gonakin rake hagu da dama, kore shar, ban taɓa ganin irinsu ba. Direban ya saya mana rake muka yi ta sha har gari.

A farfajiyar wata firamare kusa da kasuwa aka shimfiɗa tabarmi. Iyaye sun zo fiye da zatona. Telan nan da 'yarsa ta karanta nata, sai ya rufe fuska da hula mutane suna ta zolayarsa.

Can na hango wata mata a gindin darbejiya, nesa da tabarmi, ƙwarya a ka, ta juya wa taron baya kamar mai jiran ciniki. Usmanu ma ya gan ta, ya yi saurin kau da kai, sai na gane Innarsa ce. Da aka zo ƙarshe, Malam Sabi'u yana shirin addu'a, sai ga yaron ya miƙe.

Ya karanta a hankali, idonsa a takarda. Jakar, citta, dariyar kakarsa. Ya rufe da cewa, "Ban san hannun da yake sa min fura ba. Ko na waye, ya san ni." Matar ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Na ce a raina shi ke nan, na jawo wa yaro.

Ana watsewa sai ga ta ta nufo ni. Muka gaisa, ta tambayi gajiya da mutan gida da ruwa, na tambayi shanu. Usmanu yana tsaye a bayana, ba ta dubi inda yake ba. Ta sauke ƙwarya, ta ɗaura min fura ta cika min gora, ta ce guzurin hanya ne.

Har ta ɗauki kayanta, sai ta ce, "Malama, wancan da ya karanta na ƙarshe."

"Na'am, Inna."

"Ki gaya masa kakarsa ba ta sa citta a fura. Tari take sa ta."

Ta juya ta shige kasuwa. Na waiwaya in isar da saƙo, na ga ba sai na faɗa ba. Yaro ya durƙusa ya kifa kai a gwiwa. Ni ma, ba na ɓoyewa, mayafina ya sha hawaye.

Komowa

Ta Gwarzo muka biyo, muka iso Kano bayan magariba lafiya lau. Allah Ya saka wa Hajiya Ladi da mutanen Ƙaraye da Rogo da alheri, Ya raya mana yaran nan da suka koya min aikina.

Na dama furar na miƙa wa maigidan. Ya kurɓa, ya yi tari, ya ce, "Kai! Wa ya zuba citta haka?"

Na ce, "Uwar Usmanu ce."