Ƙwarya a Kafaɗa

Cikin duk ranakun da na yi a wannan aiki namu na haɗa wasannin kwamfuta, wadda ta ƙi fita raina ita ce wata Talata a tsakiyar damina, ranar da na ɗauki jan biro na rubuta "kuskure" a kan aikin Laraba. Ku da kuka zo bayanmu kun sha tambayata me ya sa takardar duba aikinmu take da gida huɗu alhali wasu wuraren uku suke yi. Wannan ranar ce ta jawo na huɗun.

A lokacin mu biyar ne kacal, a wani gida mai ɗaki biyu a Karu, nan Abuja. Oga Tijjani ne shugaba, shi da wani abokinsa suke haɗa wasan a kwamfuta. Laraba da Kabiru su ne masu zane, ni kuma mai duba aiki. Kafin nan na yi shekaru a wata ma'aikatar tarayya ina gyara wa manya wasiƙu, kuma da halina na taho: in na ga waƙafi ya zauna inda bai kamata ba, ko abinci ba ya yi mini daɗi. Kabiru ya sa mini suna Malam Jan Biro, ni kuwa har wani ɗaga kai nake yi in an kira ni da shi.

Wasan da muke yi sunansa Ƙwaryar Damina. Labarin wata dattijuwa ne da ruwan sama ya ƙaurace wa garinsu, sai ta zuba irin dawa na ƙarshe a ƙwarya, ta ratsa duwatsu masu magana da wani kogi mai gudu da baya, tana neman inda aka ɓoye damina. Mai buga wasan ne yake zaɓa mata hanya da amsar da za ta ba dodanni. Komai da hannu ake zana shi a takarda. Taku guda na dattijuwar sai an zana shi sau goma sha biyu, a shigar kwamfuta, a jera, sannan ta motsa. Laraba ce ta kawo labarin, ita ce kuma ta zana dattijuwar, wata biyar tana fama.

Nawa aikin shi ne in buga wasan daga farko har ƙarshe ina neman aibu. Abin da na samu sai in rubuta shi a ɗaya daga gida uku: ja, wato dole a gyara kafin kowa ya gani; rawaya, a gyara in an samu hali; kore, a bar shi haka. Ƙa'idarmu kuma ɗaya ce tak, kuskuren zane wanda ya zana ake mayar wa.

Saura mako biyu mu kai babi biyun farko wani baje koli a cikin gari, sai aka kira Laraba daga gida. 'Yar Paikon Kore ce, can wajen Gwagwalada, kuma jikin mahaifiyarta ya yi tsanani. Da za ta tafi ta tsaya a teburina.

"Oga Bashir, in an haɗa ka turo mini a waya," ta ce. "Mama yana ta tambaya, wai wane irin aiki ne nake yi da ba a gani. Ina so ya gani da idonsa."

Hausarta irin ta nan Abuja ce, mace da namiji duk "ya" ne, kuma na sha tsokanarta a kai. Ranar dai ban tsokane ta ba. Na ce in sha Allahu ita ce za ta fara gani, Allah ya ba Mama lafiya.

Ranar Talatar Oga Tijjani ya ba ni wasan a haɗe. Na sha wuce takardun Laraba a teburinta ban taɓa tsayawa na duba ba, don ni sai abu ya shiga kwamfuta yake zama nawa. Dattijuwar ta fito tana tafiya, sai na ga ƙwaryar ba a kanta take ba. A kafaɗarta ta hagu take, ta ɗaga hannu ta tallafe ta, kanta ya ɗan karkata dama. Ni Bakano ne, tun da na buɗe ido gammo na sani, da kaya a ka. Ko minti ɗaya ban yi ba na rubuta a gidan ja: ƙwarya ta zame daga kai, a mayar da ita.

Kabiru ya karanta ya dube ni. "Malam, anya kuwa? Takarda sama da ɗari fa ta zana haka. Mutum ba ya kuskure iri ɗaya sau ɗari. A kira ta mana."

"Mai jinya za mu dama da maganar ƙwarya?" na ce. "Baƙi za su zo baje kolin nan, su gani su ce ba mu iya zane ba."

Oga Tijjani ko ɗago kai bai yi ba. "Kai ne mai duba aiki," ya ce. "Abin da ka gani."

Na faɗa wa kaina tausayinta ne ya hana ni kiranta. Ƙarya nake yi. Na tabbata ni ne da gaskiya, shi ya sa ban ga abin tambaya ba. Haka na karya ƙa'idar da ni na rubuta ta, na sa Kabiru ya kwana uku yana ɗaga ƙwaryar nan zuwa ka, yana miƙe wuyan dattijuwar, har gammo na sa ya ƙara mata. Da aka gama na tura wa Laraba, ina jiran godiya.

Washegari da hantsi ta kira. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Oga Bashir, wa ya ɗora wa Mama kaya a ka?"

Na ce wace Mama, ai dattijuwar wasa muke magana.

"Shi ne Mama. Tafiyarsa ne na zana. Mu Gbagyi ba mu ɗaukan kaya a ka, kai shi ke tunani wa duk jiki, ba a sa masa wahala. Na tara mata a ɗaki, na ce ku zo ku ga Mama a waya. Ya kalla, ya kalla, ya ce wannan ba ni ba ne, wannan baƙo ne. Ya juya fuska bango."

Nan take na gane ɓarnar da na yi. Amma ku ji abin da na yi, don wannan ne ya fi cina. Zanenta na asali yana nan cikin kwamfuta, ba a goge ko ɗaya ba. Da na roƙi Oga Tijjani ya haɗa mata nata daban, da kafin la'asar yana wayarta. Sai dai roƙon yana nufin in tsaya gaban Kabiru in ce Malam Jan Biro ya yi shirme. Sai na ce mata ta yi haƙuri, an riga an miƙa wa masu baje koli wancan, saura kwana biyar a gama baje koli, daga nan za a mayar da komai yadda yake.

Ta ce, "To, Oga."

A kwana na huɗu tsohuwar ta rasu.

Mun je gaisuwa mu huɗu a motar Oga Tijjani. Tun daga Zuba har muka shiga Paikon Kore nake ganinsu a bakin titi, mata da itace, da doya, da ruwa, duk a kafaɗa, hannu a ɗage, kai a karkace. Shekarata goma sha ɗaya a Abuja a lokacin, kuma kullum daga Kurudu, inda Gbagyi suke da yawa, nake fitowa. Na wuce matan nan sau ba adadi ban taɓa ganinsu ba. Kabiru yana gefena bai tuna mini gargaɗinsa ba, kuma har yau ina gode masa.

Da muka gama gaisuwa na samu Laraba a bakin rumbu na ce ta yafe mini. Ta ce ba komai, kwana ne ya ƙare. Sannan ta gaya mini ƙarshen labarin, wanda ba ta riga ta zana ba. Wai idan dattijuwar ta isa dutse na ƙarshe, mai tsaron damina zai ce ba zai sauke ruwa ba sai a kan da bai taɓa ɗaukar kaya ba. Duk jaruman da suka riga ta zuwa sun koma hannu wofi, ita kuwa sai ta cire ɗankwali kawai.

"Wannan ne nake so in faɗa wa Mama bayan ya ga kansa," ta ce. "Ban samu na faɗa ba."

Ta dawo aiki bayan makoki, ta ƙarasa wasan, ƙwarya ta koma kafaɗa. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Sai dai ta daina ajiye takardunta a buɗe kan tebur, kuma da wasan ya fita ta bar mu ta koma zana littattafan yara. Ban ga laifinta ba.

To, gida na huɗu da kuke gani a takardar nan, wanda ba shi da launi, sunansa "tambaya". Mai zane da hannu ba ya maimaita abu sau ɗari sai da dalili, kuma sau da yawa dalilin wani nasa ne. In kun ga abin da bai yi kama da na gidanku ba, ku sa shi a nan, ku tashi ku je ku tambayi mai shi, ko yana jinya, ko yana wani gari. In kuma kun riga kun ɓata, ku gyara a ranar, kada ku ce sai an gama wani abu.

Kafin wasan ya fita ni na sake duba tafiyar dattijuwar, taku bayan taku, jan birona a hannu. Ban samu ko ɗigon kuskure ba. Mutanen da ba su san Paikon Kore ba sun ga tafiyar nan sun yaba, amma mai tafiyar ba ta gani ba, kuma ni na hana ta.