Gashin Jimina a Jikin Barmu

Barmu majemi ne a bayan Birnin Damagaram, ƙanen kakata. A shekarun da ake ɗaga ganuwa fitsari ya ɗauke masa, mararsa ta kumbura kamar salka. Wani wanzami ya samo gashin jimina a unguwar Zango, ya fiƙe gindinsa mai rami, ya zura masa ta gaba. Fitsari ya zubo, amma wajen zarewa gashin ya karye, guntu ya zauna a ciki.

Daga nan jini da mugunya suka riƙa bin fitsarinsa, zazzaɓi yana kayar da shi, daga baya ma fitsarin ya daina jiran izininsa. Dangi suka gyara masa ɗaki can ƙuryar gida, wai rufin asiri. Ya ƙi shiga. Ya jeme fatar akuya har ta yi laushi, ya ɗinka 'yar jaka, ya cusa auduga, ya ɗaura a ƙugu don ta tare fitsarin, ya koma kasuwa, gindin tsamiyar da ya saba zama.

Rannan wani baduku da ke sayen fata wurinsa ya toshe hanci ya ce, "Baba, da ka zauna gida. Warin ya yi yawa."

Barmu ya ce, "Tun ina saurayi nake wari, kuma da warin nan kake cin tuwo. Na majema bai dame ka ba sai na ciwo? Matsa can."

Badukun ne ya matsa. Barmu kuwa a gindin tsamiyar nan ya ci gaba da baza fatunsa, har ranar da aka kai shi kushewa.