Kwana Biyu a Bakin Kwazazzabo da Inna

Ana idar da sallar asuba ranar Litinin muka tashi daga Rikoto, unguwarmu a Zuru, ni da maigida, cikin wata tsohuwar akori-kura da ya aro wurin abokinsa. Inna za mu ɗauko, mahaifiyarsa, can wani ƙauye bayan Dirin Daji. Shekara uku ke nan da yanar ido ta rufe mata idanu biyun. Likitocin ido sun sauka Zuru, kuma ranar Alhamis za su tattara su koma. In ta wuce, sai baɗi in da rai. Ga damina ta kawo jiki, hanyar ƙauyen kuwa ruwan farko ke toshe ta. Tun da muka ja ƙofar gida zuciyata ba ta zauna wuri ɗaya ba.

A Dirin Daji muka karya da masa mai zafi. Mangwaro kamar a roƙe ka ka ɗauka, kwando guda a kuɗin da a Zuru ba zai cika maka leda ba. Fetur ne dai babu sauƙi. Mai sayarwa a galan ya faɗi kuɗinsa, maigida ya tambaye shi ko da zuma aka gauraya.

Daga nan muka yi sallama da kwalta. Jar ƙasa, duwatsu baƙaƙe kamar an jera tukwane, itatuwan kaɗanya tsilli-tsilli, sai kwazazzabai. Ban taɓa sanin ƙasa na tsagewa haka ba. Mota za ta sunkuya ta gangara har ka daina ganin komai sai bango ta dama da hagu, wani wurin ya fi soro tsawo, saiwoyin itace na reto a jikinsa. Ta bi yashi, ta yi nishi, ta haura. Duk gangara sai na kama salati, duk hawa na yi hamdala. Babu gida, babu sabis a waya. Awa biyu muka yi ba mu gamu da kowa ba sai wata mata da tulu a kafaɗa, wadda ta ɗaga mana hannu kamar ta san mu.

Mun isa da azahar. Inna ta shafa fuskar ɗanta, ta shafa tawa, aka tuƙa mana tuwon dawa da miyar kuka. Niyyarmu mu juyo da sassafe, amma ta ce ba ta barin gari sai ta raba irin dawarta, kada shuka ta zo ba ta nan. Aka sauko da zangarniyoyi daga rumbu, tana laluba kowace da yatsu tana cewa wannan ta gidan wane ce. Ta gama, ta ce sai ban kwana, gida-gida. Maigida na duban agogo yana haɗiye magana. Ni kuwa suruka, ina ni ina cewa ta yi sauri? Sai bayan la'asar ta Talata muka kama hanya.

Ba mu yi nisa ba taya ta fashe. Kafin a sauya, rana ta yi ja. Magariba ta same mu a babban kwazazzabon da ke tsakiyar hanya. Kowa ya san halin da dazukanmu ke ciki, ba a yawo da fitilar mota bayan duhu, don haka muka yanke mu kwana. Maigida ya tsaya a can ƙasa, kan yashi mai laushi, inda bango ya ɓoye mu. Ni ma wurin ya yi mini. Na shimfiɗa tabarma, na haɗa duwatsu uku na ɗora ruwan shayi.

Inna ta zauna, ta damƙi yashi a hannu, ta ɗaga kai tana shaƙar iska.

"Ina ne nan kunka aje ni?"

"Cikin kwazazzabo, Inna," in ji maigida. "Nan ya fi sutura."

"Ku hidda ni daga wurin ga. Ruwa shina zuwa."

"Inna, sama garau take, ga taurari har sun fara fitowa."

"Kai mai ido ka yi ta kallon sama. Ni hancina ya ji an yi ruwa kan duwatsu."

Bai ƙara musu ba. Hawan da ke gabanmu tsaye yake, ga tsakuwa, ga duhu, sai ya ja motar da baya ta inda muka gangaro, don nan ya fi sauƙi. Muka yi isha'i a kan tudu, na sa Inna a gaban mota ta kwanta, mu muka raɓe a baya.

Ina alwalar asuba na ji wani ruri kamar manyan motoci sun jero. Gari na wayewa muka leƙa. Inda na ɗora tukunya jiya, jan ruwa ne ke gudu da kututture. Na zauna ina ta innalillahi.

Inna ta ce, "To, Allah ya tsare. Mu tahi."

Da ta ji ba a tada mota ba, sai ta tambaya:

"Wane gehe muke?"

Maigida ya sunkuyar da kai ya ce gefen ƙauye.

"Ni na ce ku hidda ni, ban ce ku maida ni gida ba!"

Laraba ita ce rana mafi tsawo da na taɓa gani. Maigida ya kafa kara a bakin ruwa, yana zuwa dubawa kamar mai jiran haihuwa. Ni na kasa zama, na kasa tsayuwa. In ja carbi, in wanke kofin da na riga na wanke, in dubi gabas ko hadari na haɗuwa. Mangwaron Dirin Daji ne ya zama abincin rana. Inna ba ta yi ƙorafi ba. Sau ɗaya kawai ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, ba wani abu nika so ba, in daina zama kaya ga mutane." Na riƙe hannun nata, na gyara mata mayafi.

Da yamma wani dattijo makiyayi ya iso da shanunsa. Ya ba mu nono a ƙwarya, ya ji labarinmu, ya ce mu sake kwana. Ya kuma gargaɗi maigida kada ya bi sawun motoci gobe, ko ruwa ya janye, don nan laka ke kwanciya. Shanu sun san inda dutse yake a ƙasa, su za mu bi.

Da hantsin Alhamis dattijon ya kora shanun can sama kaɗan, suka shiga ɗaya bayan ɗaya, ruwa iya gwiwarsu. Ya ce a rage wa mota nauyi. Na ɗaure zani na goya Inna, kunya ta tafi hutu ranar. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya fi ba ni tausayi ke nan. Tana bayana tana yi mini addu'a a kunne, ruwa na jan ƙafata, har muka taka tudu. Motar ta biyo, dattijon na gaba da sandarsa. Ta yi tari sau biyu a tsakiya, ta fito.

Mun shiga Zuru bayan azahar, laka har wuya. Likitocin sun fara naɗe kaya, amma da suka ga tsohuwar suka karɓe ta. Ido ɗaya lokaci ya ba su damar yi. Ɗayan sai baɗi. Da mun haura ta gaba a daren Talata, da biyun aka yi.

Tafiyar nan ta koya mini cewa mu 'yan gari muna jin rabin magana mu tashi da gudu. Wanda ya san daji, in ya ce ka tashi, tsaya ka tambaye shi ina za ka nufa.

Ranar Juma'a ma'aikatan asibiti suka cire mata bandeji. Ta daɗe tana ƙifta ido, sannan ta tsaya a kan maigida, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai, yaushe ka yi hurhura haka ba ka gaya mini ba?"

Ya durƙusa a gabanta yana dariya, hawaye na bin gemunsa.