Ragona Ne Ya Hana Ni Sakin Matata

A wancan lokacin ni maƙeri ne a wani ƙauye kusa da Zakirai, ga ƙarfi ga saurin fushi, kuma ban taɓa yarda laifi zai iya zama nawa ba. Shekarun fari ne, gona ba ta ba da abin kirki, don haka tun hantsi har la'asar ina zaune a maƙera, wuta a tsakanin ƙafafuna, ina gyaran fartanya da lauje. Shekara shida da aurena, matata ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Babu saiwar da ba a jiƙa mata ba, tana sha tana yamutsa fuska, ni kuwa ina tsaye a kanta sai ta shanye. A ganina lafiyata ƙalau, tunda ina kusantar iyali kuma maniyyi yana fita. Har na gaya wa yayana da an yi girbi zan sallame ta.

Ina da rago ɗaya da tumaki biyar. Saboda ɓarayi sun yi yawa, sai na kulle ragon a wani ɗan ɗakin kwano, bazara guda yana haki a ciki, sai za a yi barbara nake fito da shi. Yana hawa kuwa, amma babu tunkiyar da ta ɗauka. Na ce duk juya ne, na kaɗa uku kasuwa. Ranar da malamin dabbobi ya zo yin allura, na kai masa ƙarar sauran biyun. Ko kallonsu bai yi ba, ya ce in nuna masa makwancin ragon. Ya leƙa, ya fito yana share gumi, ya tambaye ni ko gasa shi nake tun kafin Sallah.

Ya zaunar da ni ya ce ruwan maniyyi daban, irin da ke cikinsa daban. Irin wasu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, a cikin 'ya'yan maraina ake yin su, ruwan kuwa a hanya ake ƙara shi don ya ɗauke su. Shi ya sa Allah Ya rataye marainan a waje, ko ɗumin jiki ba sa so, balle na kwano. Zafi yana lalata irin, ruwan ya ci gaba da zuwa fanko. Ya ce in ɗaure ragon a inuwa in ba shi wata biyu, sabon iri ba ya nuna a kwana ɗaya. Yana tattara kayansa ya ƙara da cewa ɗan Adam ma haka yake. Bai san komai a kaina ba, amma wallahi nan take na tuna da wutar maƙerata.

Na shiga birni ni kaɗai aka gwada ni a asibiti, aka ce ƙwayoyina kaɗan ne ƙwarai. Likita ya tambayi sana'ata, ya ba ni magani, ya ce in nisanci wuta, amma bai yi mini alkawarin komai ba. Da na dawo na gaya wa matata, kunya kamar ta kashe ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki tukunyar jiƙon ta zubar a bayan ɗaki, ta ce shekara shida babu wanda ya taɓa ce mini in kurɓa ko sau ɗaya. Na bar wa yayana maƙera na koma noman rani. Tumakin biyu suka riga mu haihuwa, mu kuma sai shekara ta zagayo Allah Ya ba mu 'ya mace.

Na gode wa Allah, na gode wa malamin da bai san abin da ya yi mini ba, na gode wa matar da ta yafe. 'Yan uwana maza, kafin ku ɗora wa mace laifi, ku je a duba ku. Tumakin nan uku da na sayar, daga baya na ji duk sun haihu a gidan wanda ya saye su. Ashe saura girbi ɗaya in saki matata, in ji irin wannan labari a kanta.