Guntun maɗacin Baba

Jiya ina goge guntun maɗaci a Kpakungu, garin katakon ya faɗa mini a baki. Ɗacin nan ya dawo mini da Baba, tsohon makaɗin jitar lantarki na layinmu.

Shi ba ya yarda da katako sai ya lasa. Ranar da ƙarfen da ke riƙe wayoyin jitarsa ya tumɓuke, ramukan kusoshin sun cinye, na kawo masa katakon malaina in cike su. Ya lasa, ya tofar.

"Kai ɗana, wannan lami ne, ba zai riƙe kusa ba. Maɗaci za mu sa, busasshe."

Ya nuna mini guntun da ya ajiye a saman rufi, ya ce da rani za mu gyara tare. Bai kai ranin ba.

Ranar sadakar uku, ɗan wansa Sabo ya sauko da guntun nan don girki. Na riƙe hannunsa ina roƙo. Ya yi dariya, ya ce, "Itace ai itace ne, malam makaɗi," ya tura shi ƙarƙashin tukunya.

Na samo wani maɗacin a Maitumbi, na koyi gyaran a wayar salula, na fere, na cike ramukan jitar. Wallahi ku ji yadda take kuka yanzu!

Yau Sabo ya zo, wai in kaɗa ta a bikinsa. Na ce, "Yaya, ka nemi tukunya ka kaɗa."

Allah ya haskaka kabarin Baba. Sabo kuwa, kada Allah ya sa kunnensa ya sake jin muryar jitar nan.