Malamar da Ta Nemo 'Ya'yan Fari

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 8 ga Afrilu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malama Nana Hauwa Ɗalha ta Zaitawa, malamarmu ta tarihi a jami'a, bayan gajeriyar jinya.

Malama, na zauna in rubuta kuka, sai ga ni ina murmushi, don ke ba a tuna ki a zauna shiru. Kullum kina ce mana ba faɗa kike da kimiyya ba, tambayarta kike yi: wa ya auna, wa aka tambaya, kuma a gaban wa? Likitoci suna hango ki a taro sai su gyara zama.

Ba zan manta ranar da Dakta Mikail ya gabatar da bincikensa ba. Likita ne mai ƙwazo. Ya tura ma'aikata gida-gida a cikin badala suna tambayar iyaye mata yawan 'ya'yansu, kuma da wannan adadin za a ware mana allurar rigakafin sanƙarau. Aka yi ta tafi, sai kika ɗaga hannu.

"Dakta, kai ne na nawa a ɗakinku?"

"Ni ne na fari, Malama."

"To, in baƙo ya tambayi Hajiyarka 'ya'yanta a gaban surukarta, za ta sa da kai?"

Dukkanmu mun san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, wata ko a lissafi ba ta sa shi a gaban mutane, sau da yawa ma yana hannun kaka. Mikail ya dafe kai, can ya tuntsire da dariya: "Ashe ni ma ba a ƙirga ni ba!"

Wasu suka ce wannan zancen al'ada ne, a wuce wurin. Ina! Kika ce zafi na tafe, kuma allurar da ba a kawo ba, yaro mai rai ne zai rasa ta. Kika kwashe mu ɗalibanki, muka bi Mikail tun daga Dukawuya har Ƙofar Kabuga, muka koma tambayar kakanni da gwaggwanni. Kai, Malama, abin daɗi! Gida bayan gida sai ga yaran da ba a rubuta ba suna ɓullowa, muna murna kamar mun tsinci ɓatattu, ke kuwa kina ta tsokanar Dakta. Shi da kansa ya gyara adadin, allura ta isa kowa.

Jiya na je gaisuwa wurin mahaifiyarki, Inna Hajo. Sai a nan na ji ashe ke ma 'yar fari ce, tun da ta haife ki "waccan" take ce miki. Ɗaki cike da mata, wata baƙuwa ta tambaye ta 'ya'ya nawa Allah Ya ba ta. Sai Inna Hajo ta ce, "Bakwai. Ta farinsu Nana Hauwa." Nan kukan da nake riƙewa ya ƙwace mini.

Allah Ya jiƙan ki, Malama, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarki. Allah Ya ba Inna Hajo, da maigidanki, da 'ya'yanki haƙurin wannan rashi. Yadda kika tsaya har aka ƙirga 'ya'yan mutane, Allah Ya ƙirga ki cikin bayinSa na gari. Amin.

Ɗalibarki,
Zaituna, Dukawuya